Ku Tambaya Mu Amsa: Mai Keke da Direba a Titunan Katsina da Daura

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi yawa a kan keke, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da dama a Katsina da Daura sun jingine babur ko mota sun koma ga keken da ya daɗe yana shan ƙura a zaure. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen waɗanda suka aiko kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani malamin makaranta, Ƙofar Marusa, Katsina: Assalamu alaikum. Da keke nake zuwa aiki yanzu, kuma hanyata takan bi ta wajen Ƙofar Kaura. Kwanakin baya wani direba ya matse ni har na faɗa cikin yashin bakin titi, da na yi magana sai ya leƙo ya ce mini titi na masu mota ne, in je in nemi lungu. Tun daga ranar na koma bin hannun hagu ina fuskantar motoci, domin in riƙa ganin abin da ke tafe. Shin doka ta ba mai keke damar hawa kwalta? Kuma wannan dabara tawa daidai ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar direban nan ba ta da tushe. Ƙa'idojin hanya na Najeriya, waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take koyar da direbobi da su, sun lissafa mai keke cikin masu amfani da hanya, tare da mai mota da mai babur da mai tafiya a ƙasa, saboda haka a titunan cikin gari kana da haƙƙin hawa kwalta kamar yadda shi ma yake da shi. Keke kuwa ba baƙo ba ne a garin nan, domin tun kafin mota ta zama abin hawan kowa, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da masinjoji a kan Raleigh suke zuwa aiki.

Amma dabarar bin hannun hagu, Malam, ina roƙonka ka bar ta tun gobe da safe, domin ta fi abin da kake gudu haɗari. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma idon kowane direba a ƙasar nan ya saba da wannan tsari. Direban da zai fito daga layi ya hau babban titi ya yi dama, hagunsa yake kallo, saboda daga nan motoci suke zuwar masa, kuma da zarar ya ga sarari zai taka mai. Kai da ka biyo hannun da ba naka ba, daga damansa za ka ɓullo, inda bai duba ba kuma ba shi da dalilin dubawa. Sannan akwai lissafin gudu. Idan mota tana tafiyar kilomita 50 a awa kai kuma kana tafiyar kilomita 15, in kuna hannu ɗaya tana cim maka ne da bambancin kilomita 35, direba yana da lokacin ganinka ya kauce. In kuwa gaba da gaba ne, gudun biyu haɗuwa suke yi su zama kilomita 65, lokacin kaucewa ya ragu, ƙarfin karo ya ƙaru. Shawarar fuskantar motoci ta mai tafiya a ƙasa ce, wanda zai iya ɗaga ƙafa ya sauka daga titi nan take, abin da mai keke ba zai iya ba.

Abin da zai tsare ka, da yardar Allah, shi ne direba ya gan ka tun daga nesa, kuma ya iya hasashen abin da za ka yi. A nan ne masu keke da yawa suke kuskure da kyakkyawar niyya, suna manne wa ƙarshen kwalta don kada su takura wa kowa. Bakin titinmu kuwa shi ne matattarar yashin da ruwan damina ya kwaso, da fasassun kwalabe, da kwatar da murfinta ya karye. Duk wanda ya taɓa shiga yashin nan ya san yadda tayar gaba take nutsewa, kan keke ya murɗe a hannu, mutum ya tsinci kansa yana karkatowa tsakiyar titi ba da nufinsa ba, a daidai lokacin da mota take wucewa. Ƙari a kan haka, wanda ya lafe a gefe yana ba direba tunanin cewa akwai wurin wucewa ko da babu. Ka bar kimanin mita ɗaya tsakaninka da bakin kwalta, ka miƙe sambal, kada ka riƙa shiga kana fita tsakanin motocin da aka ajiye a gefe, kuma in za ka wuce motar da take tsaye ka ba ta tazarar buɗewar ƙofa. Idan titi ya ƙuntata ta yadda mota ba za ta wuce ka lafiya ba, ya fi maka ka shiga tsakiyar hannunka na ɗan lokaci, da ya buɗe ka koma dama ka ɗaga wa na bayanka hannu don godiya.

Kafin ka sauya hannu ko ka yi kwana, ka waiwaya ta kafaɗar hagu, ka miƙa hannun da ke ɓangaren da za ka bi, ka sake waiwayawa, sannan ka karya. Danja ta shafe ka kamar yadda ta shafi mai mota. A shatale-tale, wanda ya riga ya shiga shi ne da hanya, kuma daga hagunka zai zo. Idan wurin ya cika da motoci da 'yan Keke Napep, kamar yadda wajen Ƙofar Kaura yake yi da safe da kuma lokacin tashi daga aiki, babu ƙasƙanci a saukowa ka tura kekenka ka tsallaka tare da masu tafiya a ƙasa. Gadar ƙasa kuwa ka bar wa motoci, ka bi ta sama, domin a gangaren nan gudu suke ƙarawa kuma babu wurin kaucewa.

Abu guda da nake so ka ɗauke shi da muhimmanci fiye da duk sauran shi ne babbar mota. Direban tirela ko tifa yana zaune a sama ta hagu, kuma akwai fili mai faɗi a damansa da kuma dab da gaban motar wanda ba ya gani ko da madubi. Ka lura da tirela in za ta yi kwanar dama: kanta yakan fara buɗewa hagu kamar ta bar maka hanya, sai tayoyin baya su biyo su share lungun kwanar gaba ɗaya, kuma duk wanda ya kutsa cikin wannan sarari ya shiga inda babu mafita. Kada ka taɓa tsayawa tsakanin babbar mota da bakin titi. Ka tsaya a bayanta da tazara har ta wuce, kuma ka sani cewa in ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Tambaya daga wani direban motar haya, tashar Daura: Na daɗe ina jigila tsakanin Katsina da Daura. Kullum mu ake kira azzalumai, amma ba a faɗin laifin masu keke. Bayan magariba, musamman lokacin hazo, sai ka tarar da mutum a kan kwalta cikin baƙar riga, babu fitila babu komai mai ƙyalli, wani kuma ya karya kan keke ya tsallaka titi bai ko waiwaya ba. In tsautsayi ya afku, jama'a su taru a kan direba. Ina adalci a nan?

Amsa: Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce tsagwaronta, kuma ina so masu keke su ji ta daga bakinka. Mai keke yana ganin fitilar mota tun daga nesa, sai ya ɗauka cewa direba ma yana ganinsa, alhali direban da fitilar wata mota ta haske wa ido ba ya ganin komai a gefen titi sai ya zo dab da shi. Keken da zai fita bayan faɗuwar rana dole ne ya kasance da farar fitila a gaba da ja a baya, da abin ƙyalli a baya da kuma a feda, domin ƙyallin da yake hawa da sauka shi ne yake saurin sanar da direba cewa mutum ne a kan keke. Ƙananan fitilun caji sun cika kasuwa, kuma kuɗinsu bai kai na jinyar karaya ɗaya ba. Farar riga ko mai haske ta fi baƙa da dare. Wanda yake hawa kwalta a hanyar Mashi cikin duhu babu fitila yana cutar da kansa, yana kuma jefa direban da bai san hawa ba bai san sauka ba cikin bala'i.

Sai dai sauran rabin maganar yana wuyanka, kuma ya fi nauyi, saboda kai ne kake riƙe da ƙarfe mai nauyin fiye da tan ɗaya, shi kuwa mai keke babu abin da ya raba jikinsa da kwalta sai rigarsa. Kuskurensa yakan tsaya a kansa, naka kuwa yakan hau kan wani. Iyakar gudu a cikin gari a dokar Najeriya kilomita 50 ne a awa, kuma ko a wannan gudu mota tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafarka ta tashi daga totur ta taka birki ka riga ka shafe tsawon motoci uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Hukumar ta kuma nuna cewa haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau 4.5 idan gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Wannan ƙarin kilomita 15 da direba ba ya jinsa a jikinsa, shi ne sau da yawa yake raba jinya da jana'iza. Don haka in ka shigo Daura ko Mashi ko wani gari na kan hanya, musamman ranar kasuwa, ka sauke ƙafa tun kafin gidajen farko.

Wajen wuce mai keke, ƙasar Ingila ta sanya a ƙa'idojin hanyarta a 2022 cewa direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi a gudun cikin gari, ya ƙara idan gudun ya fi haka. Ba sai an kawo mana wannan a rubuce ba kafin mu yi aiki da shi, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Dalilin tazarar shi ne mai keke yana iya kaucewa rami a kowane lokaci, kuma iskar babbar mota kaɗai tana iya girgiza shi. In babu wurin wucewa, ka bi bayansa na 'yan daƙiƙoƙi har hanya ta buɗe. Hon ɗinka ya zama gajere kuma tun daga nesa, domin wanda aka danna wa hon a ƙeya firgita yake yi, kuma firgitaccen mai keke ba a san inda zai faɗa ba.

Akwai ɗabi'u biyu da nake roƙon ka isar ga abokan sana'arka a tasha, har da 'yan Keke Napep. Ta farko ita ce wuce mai keke sannan a yanko gabansa nan take a tsaya ɗaukar fasinja, ba sigina ba komai. Ta biyu ita ce buɗe ƙofa ba tare da dubawa ba. A ƙasar Holan an san direbobi da buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, abin da a wurinmu yake nufin direba ya buɗe da hannun dama, domin yin hakan yana juya kafaɗa da ido zuwa baya ko mutum bai yi niyya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa kame cuta daga mutane cikin haƙƙin hanya, kuma wannan ya hau kan mai sitiyari kamar yadda ya hau kan mai feda.

Game da taron jama'a kuwa, ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Dukan direba a wurin haɗari zalunci ne kuma laifi ne, kuma tsoron wannan duka shi ne yake sa wasu direbobi su gudu su bar wanda ya ji rauni a kwance, alhali motarsu ce ta fi kusa da za ta kai shi asibiti.

Tambaya daga wata uwa, Daura: Ɗana yana da shekara 11, ya matsa sai an bar shi ya riƙa zuwa makarantar boko da Islamiyya a kan keken mahaifinsa, har ya goya ƙanwarsa. Hankalina bai kwanta ba. Me kuke gani?

Amsa: Hajiya, hankalinki ya gaya miki gaskiya. Keken mahaifinsa ya yi masa girma, kuma mun san yadda yara suke yi da irinsa: su zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sandar keken, jiki a karkace, hannu da ƙyar yake kai wa birki. Yaron da yake tuƙi a haka ba zai iya tsayawa da gaggawa ba, ba kuma zai iya waiwayawa ba. Keken da ya dace da shi shi ne wanda in ya zauna a kan sirdi yatsun ƙafafunsa biyu suke taɓa ƙasa, yatsun hannunsa kuma suke kama birki ba tare da ya saki kan keke ba. Na hannu mai kyau ya wadatar, muddin an kai shi wurin mai gyara ya sa sabuwar robar birki, ya ɗaure sarƙa, ya sa ƙararrawa.

Yara a wannan shekaru ba su gama iya auna gudun motar da take tahowa ba, saboda haka kada a sake shi a babban titi don kawai ya iya tuƙi. Mahaifinsa ko wani yayansa ya gwada shi a fili tukuna, a ga ko zai iya waiwayawa keken bai karkace ba, ya saki hannu ɗaya ya yi alama, ya kuma kama birki biyu tare ya tsaya cak, domin wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai cikin gudu yana iya tuntsurawa ta kan keke. Bayan haka a zaɓa masa hanya ta cikin unguwa ko da ta fi tsawo, a bi ta tare da shi har ya saba, a kuma kafa masa sharaɗi cewa duk inda zai tsallaka kwalta sai ya sauka ya tura. Ki ja masa kunne sosai a kan kama bayan tifa ko Keke Napep don ta ja shi, wasan da yara suke ɗauka jarumta ce.

Goyon ƙanwarsa kuwa a dakata da shi. Nauyin mutum biyu yana tsawaita tsayawa, kuma ƙafar ƙaramin yaro da take lilo a gefen tayar baya tana saurin shiga tsakanin wayoyinta, raunin da yake yage dunduniya kuma yake daɗewa bai warke ba. Hijabi ko doguwar riga ma sukan shiga sarƙa. In da hali a saya masa hular kwano daidai kansa, ta zauna sosai ta rufe goshi, a kuma ɗaure igiyarta a haɓa, domin wadda ba a ɗaure ba ita take fara tashi kafin kai ya kai ƙasa.

Tambaya daga wani matashin ma'aikaci, Ƙofar Guga, Katsina: Abokan aikina suna cewa zuwa ofis a kan keke zubar da girma ne. Abin ya fara damuna.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ya dame ka. Mark Rutte, wanda ya yi Firaministan Holan daga 2010 zuwa 2024, an san shi da zuwa ofis a kan keke, kuma tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kai kuwa kana samun naka a hanyar aiki, kuɗin mai kuma yana aljihunka. Katsina gari ne shimfiɗaɗɗe mai sauƙin tuƙi, sai dai a watannin bazara ka fita da wuri ka riƙe ruwa.

Abin da ya fi cancantar damuwa shi ne yadda ake gina titunanmu da mota kaɗai a zuciya. A 2001 Ojo Maduekwe, Ministan Sufuri na lokacin, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke, shi da kansa ya riƙa hawa a Abuja, har wata motar bas ta ture shi ya faɗa rami a gefen titi. Kira kaɗai ba ya tsare mai keke. A ganina, duk titin da za a faɗaɗa a Katsina ko Daura ya kamata a ware masa gefen keke, a riƙa kwashe yashin bakin kwalta bayan damina, a rufe kwatoci, ofisoshi da makarantu da kasuwanni kuma su tanadi wurin ɗaure keke a inuwa. Hukumar KASSAROTA, mai kula da zirga-zirgar ababen hawa a jihar Katsina, da ƙungiyoyin direbobi suna iya sanya zancen tazarar wuce mai keke cikin wayar da kan da suke yi a tashoshi, kuma wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Tambaya daga wani mai kawo kayan miya Babbar Kasuwar Katsina: Idan mota ta buge mai keke a gabana, me ya kamata in fara yi?

Amsa: Malam, ka fara tsare wurin, a sa mutum ya tsayar da motocin da suke tahowa don kada a sake taka wanda ya faɗi. A kira lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, wato 122. Idan yana kukan wuya ko baya, ko ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ja masa hannu ko ƙafa da sunan gyara, kuma kada a ɗura masa ruwa. In ya zama dole a ɗauke shi, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, sauran su ɗaga shi gaba ɗaya a miƙe. Inda jini yake zuba a danne da tsabtataccen ƙyalle, a ci gaba da dannewa har a isa asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, in kansa ya bugu a kai shi likita ya duba, domin zubar jini a cikin kai yana iya ɗaukar awoyi kafin ya bayyana, kuma amai ko yawan barci ko ruɗewa alamu ne da ba a jira da su. A rubuta lambar motar, a ɗauki hoton wurin da waya, a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, saboda inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota an yi ta ne domin biyan wanda motar ta yi wa rauni ko ɓarna, kuma kamfanin inshora zai nemi wannan rahoto kafin ya biya.